Ƙafar da Ta Sauka a Kawukudi

Kwanakin baya masu tseren keke sun shigo Ankara, ni kuwa ban ji ko ƙararrawa ɗaya ba. Jikata ce ta dawo daga wurin aiki tana tsaki, ta ce an tare musu trotro, motar hayarsu, a babban titi saboda wasu masu matsattsun kaya a kan keke, fasinja na ta zagi, direba ya kashe mota ya kama gyangyaɗi. Na tambaye ta wa ya ci. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan sauron da ya cije ta, ta ce, "Kaka, wa ya tsaya tambaya?" Na ci gaba da tsince wake. Amma tun ranar abin ya tsaya mini a ƙirji kamar lomar tuwon da ba ta wuce ba. Domin ni na ga zamanin da in tseren nan zai shigo gari, unguwanninmu na Nima da Maamobi kan kwashe kaf su tafi bakin hanya, har makafi a ja musu sanda su je su ji iskar wucewar kekuna a fuskarsu.

A lokacin kunne yana da hutu. Da asuba abin da za ka ji shi ne muryar ladan da maƙogwaronsa kawai, sai ƙarar guga a bakin famfo, sai turmi daga wannan gida yana amsa wa na wancan. Ni koko da ƙosai nake sayarwa, saboda haka ina riga kowa tashi, in tace gasara, in hura wuta, hayaƙi ya cika mini ido. A cikin duk waɗannan ƙararraki akwai guda ɗaya da ba na rikitawa da komai, wato ƙis-ƙis-ƙis na sarƙar keken maigidana idan yana turo shi ta lungu kada ya tashi maƙwabta. Burodi yake kai wa shaguna, kwando a gaba, kwando a baya, tun daga Maamobi har kasuwar Makola, ya dawo kafin rana ta yi zafi. Ba zan kama sunansa ba. A gidan da na tashi mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma shekarun da muka yi tare, a faɗa da shiri, bai taɓa fitowa daga bakina ba. Yanzu kuwa da asuba babur ne ke tashe ka, da janareta, da lasifika uku masu rige-rigen shiga kunne, yarinya kuma ta tsaya a ƙofar gida ta ƙwala wa mijinta kira da sunan yankansa kamar tana kiran akuya.

Ɗakinmu ɗaya ne a gidan haya, bangonsa na baya yana kallon babbar kwatar Nima. Wanda bai kwana bakin kwatar nan da damina ba bai san abin da ake nufi da ruwa ba. In hadari ya haɗu, sai mu ɗora tabarma da tukwane kan gado, mu ma mu hau, mu zauna muna kallon baƙin ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da abin da ya kwaso daga gidajen mutane. In ya janye, ya bar mana wari da sauro. Ɗan farinmu bai cika shekara biyu ba, zazzaɓin bayan damina ya ɗauke shi. Na ce Allah ya bayar, Allah ya karɓa, kamar yadda ake faɗi, amma a zuciyata na san ta wace ƙofa mutuwar ta shigo. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai in fita daga ɗakin nan kafin in sake haihuwa.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni aka ɗora mini tire. Amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita, shi ya sa har yau nake riƙe da labarin tseren nan fiye da masu takarda. Ba irin tseren da ake gamawa kafin a sha ruwa ba ne. Kwanaki ake yi. Su tashi daga Ankara su bi bakin teku har Takoradi, su kwana, su ratsa daji su haura Kumasi, su kwana, su gangaro ta Koforidua, sannan ranar ƙarshe su sauko daga dutsen Aburi su shigo gida. Kowace rana da wanda ya riga kowa isa, amma ba shi ne zakara ba. Akwai mai agogo da ke rubuta lokacin da kowa ya ci a hanya, a yi ta tarawa, wanda nasa ya fi ƙanƙanta a ba shi riga mai ruwan ɗorawa ya sa washegari. Wanda ya shigo Ankara rigar tana hannunsa, shi ya ci. Na daɗe kafin in gane wannan lissafin, don a ganina wanda ya zo farko shi ya zo farko. Maigidana ne ya zaunar da ni da tsakuwa a ƙasa har ya shiga kaina.

A shekarun da na fara wayo wani Batone ne, mutumin wajen Kumasi, mai kai wasiƙa yake cinyewa, gajere, wanda aka ce yana hawa dutse kamar ƙadangare. Bayansa wani soja ya karɓa. Sai baƙi suka fara zuwa, 'yan Mosi daga Wagadugu masu ƙwauri kamar taɓarya, suka yi ta tafiya da rigar har mutane suka fara cewa ta zama tasu. Ɗan Zango kuwa, wato ɗan unguwanninmu na 'yan arewa, bai taɓa ci ba. A ce mana masu dako, masu gadi, masu yanka nama, amma ba a taɓa ce mana zakaru ba. Sakamakon kowace rana a rediyon wani tela da ke bakin layinmu muke ji. Maza su cika shagon bayan la'asar, mu mata mu tsaya ta bayan katanga da tire a ka kamar muna jiran ciniki. In an gama bayani da Turanci, telan ya leƙo ta taga ya juya mana da Hausa, ya ƙara gishirinsa. Yakan ce wane ya faɗi a kwana ya bar wa titin Kumasi fatar gwiwarsa sadaka.

Surukina, wanda kowa ke ce wa Baba, tsohon ɗan dakon goro ne da ya tako da ƙafa daga arewa, bai taɓa son harkar ba. Abin da ya fi ci masa rai gajeren wando. Ya ce ƙato da gemu ya fito da cinya waje ya ratsa garuruwan mutane, wai shi wasa. Sai da abokansa suka sa baki sannan ya saki, amma ya kafa sharaɗi biyu: kada salla ta wuce shi, kuma kada ya taɓa wuce makara yana bisa abin hawa. Na biyun nan ba sabon abu ba ne a lokacin, haka kowa ya tashi. In an fito da gawa, mai mota ya tsaya, mai talla ta sauke tire, mai keke ya diro, kowane namiji ya matso ya sa kafaɗa ya yi taku kaɗan ya ba na bayansa, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. Baba kan ce gawa baƙuwa ce mai kwana ɗaya, wanda bai tashi ya raka ta ba, shi ma ranarsa a zaune za a kalle shi. Da sanda ya koya wa ɗansa wannan tun yana ƙarami. Na sha ganin maigidana da kwando biyu na burodi ya ja birki ya jingina keke a bango, ya bi makara, ya dawo yana tambayar wa ya rasu.

Shekarar da nake ba da labari, maganar da ta cika Zango ita ce wani kamfani ya yi alkawarin ɗaukar duk ɗan ƙasar da ya ci, ya riƙa hau musu keke, su ba shi aiki da ɗaki a gidajen ma'aikatansu. Na taɓa wucewa ta gidajen nan da tallan ƙosai. A kan tudu suke, da famfo a tsakar gida, ruwan sama na sauka ya gangara ya bar su. Ina da ciki wata bakwai. Maigidana kuma ba yaro ba ne a cikin masu tsere, ya shiga sau da dama yana ƙarewa a tsakiya, shi da kansa ya ce in bai yi bana ba, ƙafa ba za ta ƙara ba shi ba. Sai na ɗaura ɗamara kamar ni zan hau. In dama masa fura da kauri, in dafa masa ƙwai, in cusa masa dabino a aljihun riga. In ya dawo daga burodi in kore shi ya tafi ya hau dutsen Aburi, in ya ce ya gaji in ce kwata ba ta gajiya. Keken tseren da hannunsa ya harhaɗa shi, wannan ƙarfe daga nan, wancan daga can. A cikin ɗaki yake rataye shi jikin azara don kada ruwa ya taɓa shi. Maƙwabciyata ta ce ba ta taɓa ganin gidan da keke ke kwana a sama, mai ciki a ƙasa ba. Na ce mata ta bari, keken ne zai ɗauke mai cikin.

Ranar farko ya shiga Takoradi cikin na gaba-gaba. Ranar da suka haura Kumasi, ina bayan katanga sai na ji shagon tela ya ɗauki kabbara. Telan ya leƙo, hularsa a karkace, ya neme ni da ido ya ce, "Mai koko, gobe ki ƙara sukari, mijinki ya sa rigar ɗorawa." Ban yi guɗa ba, ba halina ba ne. Na sauke tire na zauna a kan dutse. Daga nan kullum sai a ce rigar tana jikinsa. Wanda ke bin sa a lissafi wani ɗan ƙabilar Ga ne daga bakin teku, ɗan masunta, ana ce masa Kifi saboda yadda yake silalewa ta tsakanin mutane. Tazarar da ke tsakaninsu, in ji tela, ba ta kai a soya kasko ɗaya na ƙosai ba. Har Baba, da ya rantse ba zai taɓa sauraron shirme ba, aka gan shi ya shimfiɗa buzu kusa da shagon yana jan carbi, wai inuwar wurin ce ta fi sanyi.

Ranar ƙarshe Lahadi ce. Tun hantsi aka fara tafiya mararrabar Kawukudi, don ta nan za su ratsa kafin su miƙe cikin gari inda aka ja layin ƙarshe. Ban taɓa ganin Zango a waje ɗaya kamar ranar ba. Mahauta sun rufe, masu aski sun rufe, makaɗa sun zo da kalangu, an yi azahar a bakin titi sahu-sahu. Na samu wuri a kan wani tudun ƙasa kusa da mararraba, da buta cike da ruwa, niyyata in watsa masa in ya zo wucewa. Ni mai kallo ce tun ina yarinya, idona ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa na riga kowa ganin su. Ta lungun da ke fitowa daga Nima wasu mutum huɗu suka ɓullo ɗauke da makara, za su tsallaka zuwa maƙabartar da ke ƙetaren titi. Huɗu kawai, babu na biyar. Daga baya muka ji ɗan dako ne baƙo, bai daɗe da zuwa daga arewa ba, ya mutu da safe a rumfar da suke kwana. Abokan dakonsa suka yi masa wanka, suka nemi jama'a, suka tarar unguwa babu maza, duk muna bakin hanya muna jiran keke.

Wani ma'aikacin tsere da ke tsaron mararrabar da jan ƙyalle a hannu ya tsayar da su. Suka tsaya cikin rana da gawa a kafaɗa, ba mai karɓar su, don kowa ya ba su baya yana leƙen hanyar Aburi. Ɗaya daga cikinsu tsoho ne, ina hango ƙafafunsa suna rawa. Da jiran ya yi tsawo, mai ƙyallen ya duba hanya bai ga kowa ba, ya yi musu hannu su yi maza su wuce. Sun kai tsakiyar kwalta ke nan sai ihu ya taso daga sama, yana gangarowa kamar ruwa. Na ɗaga kai na ga ɗigon ɗorawa shi kaɗai, babu kowa a bayansa. Ya tsere musu tun daga dutse. A daidai lokacin gwiwar tsohon nan ta lanƙwashe, makara ta karkata, likkafani ya zame har ƙafar mamacin ta leƙo. Akwai hanya. Wannan zan faɗa har in mutu, akwai hanya ta gefen hagu da mota ma za ta wuce, balle keke. Na ji ƙarar birki. Na ga ƙafarsa ta dama ta bar feda ta taka ƙasa. Ya kwantar da keken a kan titi, ya sa kafaɗa a inda tsohon ya saki, da gajeren wandonsa da rigar ɗorawa, gumi na zuba.

Da a nan abin ya tsaya, da ya yi takunsa ya koma ya hau, don tazarar da ya bayar ta isa. Amma sai kunya ta kama mazan Zango gaba ɗaya. Kalangu ya yi shiru. Mutanen da suka bar gawa a rana suka ga wanda ya fi kowa uzuri shi ne ya sauka, sai suka zubo kan titi ta kowane gefe da salati, kowa na son ya sa kafaɗa ya wanke kansa. Titi ya cika. Na daina ganin rigar, na daina ganin keken. Mai ƙyalle da 'yan uwansa suka yi ta ture mutane har suka buɗe 'yar siririyar hanya, ta nan sauran masu tseren suka silale ɗaya bayan ɗaya, Kifi a gabansu. Lokacin da maigidana ya ƙwato kansa ya dawo, ya tarar an tattake keken, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifai. Mutanenmu ne suka taka shi, masu ƙaunarsa, waɗanda suka zo tun hantsi don su ga ya ci. Ya sa gwiwa ya miƙar da ita iya yadda za ta miƙe, ya hau, keken na rangaji, ya tafi. Ya wuce ta gabana bai gan ni ba. Butar tana hannuna, ban watsa ko ɗigo ba.

Ya kai layin, amma bayan mai agogo ya tara lissafi ko cikin ukun farko ba ya ciki. Da magariba ya shigo gida da keken a kafaɗa, jama'a na biye da shi, malamai na sa masa albarka, Baba na kuka a gaban mutane yana cewa yau ya san ya haihu. Na bari duk suka watse. Na ajiye masa tuwo, na tsaya a kansa.

Na ce, "Malam, ka san mamacin?"

Ya ce bai san shi ba.

Na ce, "Shi dai ya samu ɗakinsa, ruwa ba zai shigar masa ba. Mu fa?"

Na so ya yi mini wa'azi, ya kawo aya, ya ce lada ya nema, don in samu abin da zan yi faɗa da shi. Sai ya ce, "Wallahi ban yi tunanin komai ba. Ƙafata ce ta sauka."

Na yi masa girki, na wanke masa kaya, na haifa masa 'ya'ya a ɗakin nan, biyu suka rayu, amma maganar ranar ban sake ɗaga ta ba, shi ma bai ɗaga ba. Ta zauna tsakaninmu kamar tukunyar da aka kife. Bayan mako guda Kifi ya zo har gida da ƙaton kifi a nannaɗe cikin ganye, yana haɗa Hausa da Ga, ya ce da ya iso wurin ya ga abokinsa ya sauka, ya so ya tsaya, amma tasa ƙafar ba a koya mata ba. Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba. Kifin dai na soya shi, don shi ba shi da laifi. Aikin da ɗakin tudu Kifi aka ba, haƙƙinsa ne, ban taɓa cewa ya ci haram ba.

Mutane suka yi ta ce mini rabon kwaɗo ba ya hawa sama, baɗi ma rana ce. Baɗin ba ta zo ba. Ƙasa ta shiga wani hali, taya ta zama abin nema, tseren ya tsaya shekaru. Da aka dawo da shi maigidana ya yi furfura, kekunan kuma sun zama wasu iri, marasa nauyi kamar kara, waɗanda mai kai burodi ba zai taɓa harhaɗawa da hannunsa ba. Ya buɗe rumfar faci a Maamobi, ya yi shekaru yana tsoma tif ɗin taya cikin ruwa yana neman inda yake kumfa. A farko in baƙo ya zo unguwa akan nuna masa shi a ce ga wanda ya sauka wa gawa. Sannu a hankali masu nunawar suka mutu. Babura suka cika gari, keke ya zama abin hawan wanda ya rasa, rumfar ta koma wurin da yake zama kawai ya ga wucewar mutane. Maƙabartar ƙetaren titin ma ta cika an daina kai kowa.

Da ya rasu, aka yi masa salla a masallacin layinmu. Maƙabarta ta yi nisa yanzu, sai da mota, motar kuma ba ta iya shigowa lungu, dole a ɗauko shi a tsallaka titin Nima da shi zuwa inda ta tsaya. Mace ba ta bin gawa, amma na taka har bakin lungu na tsaya jikin bango, ba wanda ya isa ya hana ni. Idona bai mutu ba, na ga komai. Suka fito da shi, suka tsaya a bakin kwalta suna ɗaga wa motoci hannu. Trotro ta wuce, yaron motar na rataye yana kiran fasinja. Mai talla ta kauce da tirenta a ka tana magana a waya. Da suka kutsa tsakiya, babura suka taru suna hon, wani ya lanƙwasa ya bi ta gefen makarar har kafaɗarsa ta goge ta, wani ya ɗaga murya ya ce a yi sauri mana, mutane na da abin yi. Ba mugaye ba ne, 'ya'yan Musulmi ne, wasunsu na san iyayensu. Ba a koya wa ƙafarsu ba ne kawai. Na tsaya ina bin ƙafafu da kallo, feda bayan feda, ina neman guda ɗaya da za ta taka ƙasa. Ni da na yi shekara da shekaru ina jin haushin ƙafar da ta sauka, ranar ita kaɗai nake roƙo. Har aka rufe ƙofar motar ban gan ta ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ya yi daidai ni na yi kuskure. Har yau a ɗakin nan nake. An yi wa kwatar siminti, amma da damina tana shigowa kamar yadda ta saba, sai dai yanzu leda take kawowa. In na hau gado na naɗe ƙafa ina kallon ruwan, nakan tuna akwai hanya ta gefen hagu. In kuma na tuna ranar da aka tsallaka da shi, sai in rasa da wa zan yi fushi. Abu biyun nan sun ƙi haɗuwa a zuciyata, kuma na san ba za su haɗu ba kafin a zo ɗaukata. Abin da na tabbatar shi ne, ranar tawa ma hon za a yi.

Da jikata ta ga maganar tseren ta hana ni sakewa, sai ta ɗauko wayarta ta ce ai komai yana ciki, tarihin tseren da sunayen waɗanda suka ci tun farko. Ta zauna bakin gado tana karanto mini shekara bayan shekara. Na gane Batonen nan mai wasiƙa, na gane sojan, na gane 'yan Mosi. Da ta zo kan sunan Kifi na gaskiya na ce ta tsaya. Ta karanta na biyu, ta karanta na uku. Na ce sai wa? Ta ja yatsa sama, ta ja ƙasa, ta ce, "Kaka, iyakarsa ke nan. Uku suke rubutawa." Babu wanda ya shiga Kumasi farko, babu wanda ya sauko daga Aburi shi kaɗai, babu makara, babu ɗan dakon da ko mu ba mu san sunansa ba. Ta ga fuskata, sai ta ce in ba da labarin ta ɗauki muryata ta sa a inda mutane za su ji, amma in faɗi cikakken sunansa da bakina, don shaidar wadda ta gani da ido ta fi ƙarfi. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku. Da muka zo wurin sunan ta matso mini da wayar kusa da baki, tana jira. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, kamar an ja birki.

Ta ce, "Kaka, sau ɗaya kawai. Ba kowa a nan sai ni."

Na ce ta kashe abin. Shi ƙafarsa aka koya wa, ni bakina.